Gadon Fatima Ahmed Ibrahim a Gonakin Fau

Duk Bahaushen da ya tashi a Zariya ko Kano ya san sunan Hajiya Gambo Sawaba, ko da bai san komai game da NEPU ba. To mu ma a nan Sudan muna da tamu, sunanta Fatima Ahmed Ibrahim. Kusan tsara ne su biyun, kuma kowacce ta ɗanɗana kuɗarta a hannun masu mulki. Gambo ta sha ɗauri da duka a kan mata su samu damar jefa ƙuri'a. Fatima kuwa mijinta aka rataye, aka kulle ta a gida, daga baya ta yi shekara goma sha biyar tana gudun hijira. Inda suka bambanta shi ne Fatima ta ga sakamako da wuri. A 1965 tana zaune a majalisar dokokin Sudan, mace ta farko da aka taɓa zaɓa, alhali matan Arewacin Najeriya sai a 1979 suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa.

Ni 'yar Fau ce, wani gari a jihar Gadarif, a gindin duwatsu, kan titin da ya taso daga Madani ya nufi gabas. Aikina gabatar da shirin mata da harshen Hausa a rediyo. Kakannina daga ƙasar Haɗeja suka fito da niyyar hajji, kamar dubban Hausawan da suka biyo wannan hanya a ƙafa. Guzuri ya ƙare, aikin auduga ya riƙe su, har ga mu yau jikoki da tattaɓa kunne. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san daga inda nake hangen matar nan. Mutanen Khartum da Omdurman sun yi rubutu mai yawa a kanta, kuma sun isa su yi, tasu ce. Ni abin da nake so in auna shi ne, cikin abin da ta bari nawa ne ya iso ƙofar gidanmu, nawa ne kuma ya maƙale a hanya.

Fatima 'yar gidan malamai ce. Mahaifinta malamin makaranta ne, mahaifiyarta kuma tana cikin matan farko da suka yi boko, a ƙasar da sai a 1907 ɗan ƙasa, Babikir Badri, ya buɗe wa 'yan mata makaranta a garin Rufa'a. Tana sakandaren 'yan mata ta Omdurman hukumar makarantar ta soke darussan kimiyya, ta kawo darasin kula da gida a madadinsu, wai abin da ya dace da mace ke nan. Fatima ta ja 'yan uwanta ɗalibai suka ƙi shiga aji, har sai da aka dawo musu da kimiyyarsu. Kowa ya ga wannan ya san Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

A 1952, tun Turawan Ingila ba su tafi ba, ita da wasu mata masu ilimi suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan. Cikinsu akwai Khalida Zahir, ɗaya daga cikin likitoci mata na farko a ƙasar, da Fatima Talib, da Nafisa Ahmed al-Amin, da Hajja Kashif. Ina jera sunayen nan da gangan, domin mun saba da ɗora aikin jama'a a kan mutum ɗaya mu manta da sauran. A 1955 suka fara fitar da mujalla mai suna Sautul Mar'a, wato Muryar Mace, Fatima ce editarta. Da Janar Abbud ya ƙwace mulki a 1958 ya haramta ƙungiyar, suka koma aiki a ɓoye, gida gida. Sa'ad da jama'a suka tashi suka kawar da shi a Oktoban 1964, mata na kan titi tare da maza, kuma ladan wannan fitowa shi ne aka ba kowace mace damar zaɓe da tsayawa takara. Kafin nan masu takardar sakandare kaɗai ke da ƙuri'a.

Abin da ya biyo baya cikin 'yan shekaru kaɗan shi ne ainihin gadon da ake magana. Mace da namiji masu aiki iri ɗaya suka fara karɓar albashi iri ɗaya. Aka ba ma'aikaciya hutun haihuwa da albashinta, aka ba ta fansho. Aka soke tsarin nan da ake kira mushahara, wanda da zarar ma'aikaciya ta yi aure sai a mayar da ita 'yar kwantiragin wata wata, a kore ta ran da aka ga dama. A 1969 kuma aka daina aiwatar da hukuncin baitul ɗa'a, wanda a da idan mace ta yi yaji miji zai iya samo takardar kotu 'yan sanda su tasa ƙeyarta su mayar masa da ita kamar ɓatacciyar akuya.

Ni na ci wannan gado, na kuma san daɗinsa. Da na haifi ɗiyata ta fari na tafi hutun mako takwas, albashina bai ragu da ko fam ɗaya ba, na dawo na tarar da kujerata da makirfo ɗina suna jirana. Abokin aikina da muke da difloma iri ɗaya, muka fara aiki shekara ɗaya, bai fi ni ko kwabo ba a takardar albashi. Babu wanda ya yi mini alfarma a nan, doka ce. Kuma dokar ba daga sama ta faɗo ba, wasu mata ne suka sha zagi a masallatai da jaridu kafin ta tabbata. Duk ma'aikaciyar Sudan da ta ce ba ruwanta da Fatima, to ta duba takardar albashinta da kyau.

Amma a shekarar da na haihu matar yayana ma ta haihu, tsakaninmu bai fi kwana ashirin ba. Ita a kambo take zaune. Ga wanda bai san ƙasar nan ba, sai na ɗan yi bayani. Fau ita ce hedikwatar aikin noman rani na Rahad, wanda aka buɗe a 1977, mai faɗin fadan kusan 300,000 (fadan ɗaya ya ɗan fi eka ɗaya). Ana ɗago ruwa daga Shuɗin Nilu da manyan injuna, a haɗa da na kogin Rahad, a rarraba shi ta magudanai zuwa gonaki. Aka yanka ƙasar gona gona, kowace fadan 22, ana kiranta hawasha, ana noma auduga da gyaɗa da dawa. Aka gina ƙauyuka masu lamba maimakon suna, aka zaunar da masu hawasha a ciki, da makaranta da famfo da ɗakin shan magani. Su kuwa masu aikin ƙarfin, masu noma da cira da roro, waɗanda yawancinsu Hausawa ne da mutanen Darfur da sauran 'yan yamma, sai suka kafa bukkoki a gefen magudanan ruwa. Wannan shi ne kambo. Mutum zai iya haihuwa a can, ya tsufa a can, ya mutu a can, a takarda kuwa har yanzu wurin zaman wucin gadi ne. Ruwan da shanu ke sha shi yara ke sha, shi ya sa tsargiya ba ta rabuwa da su.

Haihuwar matar yayana ta faɗo daidai lokacin cirar auduga. Da awo ake biya, kwando kwando, abin da hannunki ya cira shi ne naki. Wanda ya san Bahaushiya ya san abin da arba'in ke nufi a wurinta, da wankan jego safe da yamma, da kunun kanwa, da zaman ɗaki. Ita kwana goma sha biyu ta yi ta koma gona. Ta kafa sanda biyu ta ɗaura zane, ta kwantar da jaririn a inuwarsa, 'yarta mai shekara bakwai tana korar ƙuda, wato ita ma ranar ba makaranta ke nan. Da na je barka na yi mata faɗa, sai ta ce, "Anti, ke gwamnati ke biyanki ki kwanta. Ni in na kwanta audugar ba za ta jira ni ba." Ba da gatse ta faɗa ba, lissafi kawai ta yi mini.

Kuma lissafinta daidai ne har a gaban alƙali. Dokar ƙwadago ta 1997, wadda ta tabbatar mini da mako takwas ɗina, tun a farkonta ta jera waɗanda ba ta shafa ba. A ciki akwai masu aikin gona, in ban da masu sarrafa injuna da makamantansu, akwai 'yan aikin gida, akwai masu aikin yini. To ku duba matan Fau ku cire waɗannan, wa ya rage? Malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan ofis, da irina. Hawashar ma da za a ce ita ce dukiya, kusan duk da sunan maza aka rubuta ta, mace sai in gado ya biyo ta kanta, shi ma sau da yawa ɗan uwa ke riƙe da takardar. Haƙƙoƙin da Fatima ta ƙwato suna bin layin albashi ne kamar yadda ruwa ke bin magudana, inda ba a haƙa ba ba ya zuwa.

Akwai wani shinge kuma da ya riga wannan, wanda Bahaushen Sudan ya fi kowa saninsa, wato takardar zama ɗan ƙasa. Hausawa da Fulani sun daɗe a ƙasar nan. Garin Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903, kuma tun kafin su akwai mahajjatan da suka zauna. Amma dokar farko ta zama ɗan ƙasa ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa na nan tun ƙarshen 1897. Balaraben kogi ba mai tambayarsa hujja. Wanda aka ji Hausa a bakinsa kuwa sai a ce ya kawo shaidu, ya kawo takardar kakansa, ya dawo gobe. An sassauta dokar daga baya, halin dai bai gama sauyawa ba, abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, inda aka kashe Hausawa da yawa a rikicin da tushensa shi ne wa ke da ƙasa, ya isa shaida. Mahaifiyata ta haura arba'in kafin ta riƙe lambar ɗan ƙasa a hannunta. Ƙuri'ar da aka ba kowace mace a 1964 ta yi shekaru tana jiran Inna a bayan wani tebur da ba ta iya kaiwa gare shi ba.

Ba na ɗora wa Fatima laifin wannan. Ita kanta ta sha faɗin cewa matsalar mace ba ta rabuwa da talauci da jahilci, kuma ƙungiyarsu ta buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci da na koyon sana'a a unguwannin talakawa. Sai dai ƙungiya ce da ta tsiro a birni, a hannun 'yan boko, da Larabci, cikin ma'aikata. Duk lokacin da ta fara miƙa reshe zuwa karkara sai soja ya zo ya sare. An hana ta a zamanin Abbud, an rushe ta a zamanin Numairi, an sake hana ta a zamanin Bashir. In aka haɗa shekarun da ta yi tana aiki a fili, ba su kai rabin rayuwarta ba. Itacen da ake yi wa haka, abin mamakin shi ne da ya yi 'ya'ya ma.

Ta rasu a Landan ranar 12 ga Agusta 2017. Da aka kawo gawarta gida, dubban mutane suka fito, kuma da manyan jami'an gwamnatin Bashir suka zo ta'aziyya jama'a suka yi musu ihu har suka fice. A makon ne na ware shirina gaba ɗaya a kanta, na buɗe layin waya. Abin da na ji a ranar ya fi duk abin da na karanta koya mini matsayinta a wurin mutanenmu.

Wanda ya fara kira dattijo ne, daga muryarsa ka san ya yi karatun allo mai zurfi. Ya ce, "'Yata, ina jin shirinki kullum, amma yau kin ɗauko abin da ya fi ƙarfinki. Matar nan 'yar kwaminis ce. Kin san abin da kwaminis suka ce game da Allah?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne 'yar jam'iyyar ce tun 1954, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Amma Musulma ce, a kan haka ta rayu, Musulmi suka sallace ta." Ya ce shi dai bai gamsu ba, amma Allah ya jiƙan Musulmi. Na ce amin.

Wannan zargi shi ya bi ta duk rayuwarta, kuma ya kamata a tsaya a kansa, domin irinsa ake jefa wa duk macen da ta buɗe baki a ƙasar Hausa, ko a ce 'yar kwaminis, ko a ce 'yar koren Turawa. Fatima ba ta taɓa fita ba tare da tob ba, wato lafayar da matan Sudan ke naɗawa, har a manyan tarukan Turai. Matsayinta a fili yake, cewa Musulunci ba shi ya danne mace ba, maza ne suka yi masa fassarar da ta dace da buƙatarsu. Da ayoyi da hadisai take jayayya da masu wa'azi, ba da littattafan Rasha ba. Mu da muka fito daga zuriyar da ta san Nana Asma'u da 'yan taru, waɗanda suka bi ƙauyuka suna karantar da matan aure tun kafin a haifi kakannin Fatima, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Jam'iyyar kuwa ta biya mata farashinta da jini. A Yulin 1971, bayan yunƙurin juyin mulkin Hashim al-Ata ya ci tura, Numairi ya rataye mijinta Shafi'u Ahmed al-Shaikh, shugaban ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar, tare da wasu shugabannin jam'iyyar. Aka bar ta da ƙaramin ɗa a hannu. Aka tsare ta a gida fiye da shekara biyu. Numairin nan da ya sa hannu a kan wasu buƙatun mata a farkon mulkinsa, shi ya mayar da ita gwauruwa.

Wata matashiya kuma, daga jin Hausarta mai gauraye da Larabci 'yar jami'a ce, ta kira ta soke ta ta ɗaya gefen. A ganinta Fatima ta cika lallashi. Ta damu da mutunci da kamun kai, ta ƙi fuskantar kaciyar mata da auren dole gaba da gaba, tana cewa in ilimi ya yaɗu za su faɗi da kansu. Wannan suka ba sabuwa ba ce, masu bincike da 'yan gwagwarmaya na baya sun yi ta, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ilimi ya yaɗu, kaciyar ba ta faɗi da kanta ba, sai a 2020 aka sa ta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu a duk ƙasar. A gidanmu ma ba a san kaciyar fir'auna ba, ba al'adarmu ba ce, amma na ga gidajen Hausawan da suka ɗauke ta don kada a riƙa yi wa 'ya'yansu gori a makaranta. Duk da haka ina ganin hanyar Fatima tana da hujjarta. Turawa sun haramta wannan kaciya da doka tun 1946, abin da ya biyo baya shi ne bore a Rufa'a, aka fito da matar da aka kama, al'adar kuma ta ci gaba a bayan ƙofa. Fatima ta san ƙasarta. Ta san in aka rufe maka ƙofar zaure, duk gaskiyar da ke bakinka a waje za ta kwana. Ni da nake magana da matan aure ta rediyon da maigida ya saya, kuma shi ke da ikon murɗa shi, na fahimci wannan sarai.

Kiran da ya tsaya mini a rai na wata mai shayi ne daga tashar motoci. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Malama, na ji duk abin da kika lissafa. Ni jiya aka kwashe mini kujeru da murhu da butoci, sai na biya tara za a ba ni. A cikin abin da Hajiyar nan ta yi, wanne ne nawa?" Na ba ta amsar da ta samu a lokacin, amma tambayar ta fi amsar nauyi.

Domin abin da aka ƙwato ma ba zama ya yi ba. A 1983 Numairi ya kawo dokokin Satumba. A 1989 Bashir ya zo, aka sallami ma'aikata da yawa, mata na ciki, da sunan gyara. Fatima ta fita zuwa Ingila a 1990, a 1991 aka zaɓe ta shugabar Tarayyar Mata ta Dimokuraɗiyya ta Duniya, a 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙungiyarsu lambar yabo ta haƙƙin ɗan Adam. Ana tafa mata a waje, a gida kuwa a 1991 ɗin aka kafa dokar iyali da ta ba alƙali damar amincewa da auren yarinya 'yar shekara goma, da sashe na 152 na dokar laifuffuka wanda ya sa ake yi wa mace bulala a kan tufafinta. Duniya ta ji labarin 'yar jarida Lubna Husaini da aka gurfanar a 2009 saboda wando. Waɗanda duniya ba ta ji ba su ne masu shayi da masu kisra da masu godogodo, irin sana'ar da Inna ta biya mini kuɗin makaranta da ita, waɗanda samamen da ake kira kasha ya zame musu kamar haraji. Fatima ta dawo a 2005 bayan yarjejeniyar zaman lafiya da Kudu, ta sake zama a majalisa, ta ajiye siyasa a 2007 tsufa ya kama ta.

In aka tambaye ni wa ya gaje ta, ba zan nuna minista ko 'yar majalisa ba, ko da yake a 2019 mun ga mace ta zama ministar harkokin waje, wata kuma ta zama alƙaliyar alƙalai. Awadiya Mahmud Koko zan nuna. Mai shayi ce, asalinta daga duwatsun Nuba, wadda a 1990 ta tara 'yan uwanta masu shayi da abinci a Khartum suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, suna neman lasisi, suna ƙwato kayan da aka kwashe, suna kai ƙara. A 2016 aka ba ta lambar yabo a Amurka, a 2019 kuma tana cikin masu dafa wa matasan da suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja. Ba 'yar gidan malamai ba ce, ba ta da mujalla. Amma dabarar ita ce dai ta 1952, a tara mata, a rubuta sunaye, a yi karo karo, a je ofis a jere maimakon ɗaya ɗaya. Ta ɗauki kayan aikin Fatima ta kai su inda Fatima ba ta samu isa ba. A ƙarshen 2019 aka soke dokar da ake fakewa da ita ana kasha, dokar auren 'yar shekara goma kuwa ba a kai ga taɓa ta ba har soja ya sake dawowa a Oktoban 2021.

Sai yaƙi. Ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, muna jinsa daga nesa, har zuwa Disamba da Madani ta faɗi. Cikin kwana biyu Fau ta zama bakin iyaka. Mutane suka riƙa kwararowa ta titin nan, a manyan motoci, a amalanke, a ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai suka cika, gindin kowace bishiya ya zama ɗakin wani. Na ga shugabar makarantar sakandare, mai shekara talatin a aiki, mai fansho a takarda, tana bin layin fate da roba a hannu, albashin ya tsaya wata da watanni. Duk abin da ke rataye a jikin gwamnati ya faɗi tare da ita. Waɗanda suka ciyar da garin su ne matan da doka ba ta taɓa lissafawa ba. Su suka san yadda ake dafa wa mutum ɗari da itace kaɗan, su ke da manyan tukwane, su ke da adashi. A unguwarmu tukunyar takiyya, wato girkin sadaka na gayya, a hannun masu godogodo da masu ƙosai take, 'yan boko kuma muna riƙe da littafin sunaye da waya muna roƙon 'yan uwa na Saudiyya su turo abin da ya samu. Ban taɓa ganin matan gari da matan kambo sun zauna a tabarma ɗaya suna shawara ba sai a lokacin.

Kada a ɗauka yaƙin ya goge bambanci. A Janairun 2025, daidai lokacin da soja ke komawa Madani, aka kai hari Kambo Ɗayba da ke gabashin Jazira, ba nisa da mu, aka kashe mutane bisa zargin suna tare da ɗaya ɓangaren. Mutanen kambo dai su ne na farko da ake zargi, ko wa ke da gari.

Wata guda kafin wannan, a Disamban 2024, aka canja manyan takardun kuɗi, aka ce kowa ya kai tsofaffin banki a zuba masa a asusu. Buɗe asusu sai da lambar ɗan ƙasa, amfani da Bankak a waya kuma sai wanda ya iya karatu. Mata da yawa da na sani suka kwance kuɗin da suka shekara suna ƙullewa a bakin zane suka miƙa wa miji, ko ƙane, ko wani mai shago ya zuba a nasa asusun. Wasu sun ga kuɗinsu, wasu sun ga rabi. Daga nan ne matan takiyyarmu suka ce in nemo musu mai koya musu karatu, ba don su karanta jarida ba, don su iya gane lambar da ta shigo waya. Shugabar makarantar nan ta Madani ta ce ita za ta yi, ba ta son ko sisi. A ranar farko ta gaya musu cewa tana yarinya a irin wannan aji na Ƙungiyar Mata mahaifiyarta ta koyi rubuta sunanta. Cikin waɗanda ke zaune, biyu ne suka taɓa jin sunan Fatima Ahmed Ibrahim, su ma a shirina.

Mun fara da mata ashirin da 'yan kai, a zauren wani maƙwabci, bayan la'asar. Matar yayana tana cikinsu, takan taho daga kambo a bayan amalanken jaki. Da aka fara cirar auduga ajin ya koma mutum huɗu. Yanzu mun mayar da shi bayan isha'i, muna karo karo mu sayi fitila mai sola, sai dai har yau maza uku ba su yarda matansu su fito da dare ba, kuma ranar Juma'a ni da malamar za mu je mu gaishe su.